Mun Tura Su Yaƙi Ba Lifidi

Akwai wata baiwar Allah cikin danginmu wadda ta shekara goma sha ɗaya tana shara da wankin ɗakin haihuwa a wani gidan likita na jihar nan. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan kuma faɗi sunan wurin ba, domin abin da ya same ta yana iya samun kowa daga Magarya har Tanut. Wata safiya ta ɗauki ledar shara za ta kai bayan katanga a ƙone, sai wata allura da aka jefa ciki ba murfi ta huda ledar, ta shige mata tafin hannu. Ta matse wurin, ta tsotse jinin ta tofar, ta ɗaure da ƙyalle, ta koma ga tsintsiyarta. Da ta shaida wa majo, sai ya ce mata: «Sannu Inna, Allah ya kiyaye gaba.» Iyakar abin da hukuma ta yi mata ke nan. Ba wanda ya tambayi daga jikin wa allurar ta fito, ba a ɗebi jininta an auna ba, ba a rubuta ko layi ɗaya cikin wani littafi ba. A idon gwamnati ba abin da ya faru ran nan.

Ni kuwa cewa na yi an yi haɗarin aiki, daidai da na magini da ya faɗo daga saman bene, daidai da na direban da motarsa ta kife a hanyar Takieta. Bambancin kawai shi ne magini ana ganin karayarsa nan take, jama'a su taru, a yi salati, a ɗauke shi. Wanda allura ta soka kuwa tafiyarsa yake yi da ƙafafunsa, ya je gida ya ci tuwo, ciwon ya kwanta cikin hantarsa shekara goma ko ashirin yana ci a hankali kamar gara. Ranar da ciki ya kumbura, idanu suka yi rawaya, sai a ce shawara ce, ko a ce sammu ne, a shiga neman saiwoyi. Wa zai tuna da wata allura ta cikin leda?

Bari mu sa abin a ma'auni, tun da masu karatun jaridar nan mutanen lissafi ne. Idan allurar da aka yi wa mai cutar sida ta soki lafiyayye, cikin mutum dubu kamar uku ne ke kamuwa. Idan mai ciwon hanta nau'in C ne, kamar biyu cikin ɗari. Idan kuwa mai ciwon hanta nau'in B ne, abin yana iya kaiwa talatin cikin ɗari, kuma ƙwayarsa tana iya kwana bakwai da ranta cikin busasshen jini a kan tebur ko almakashi. Wato cutar da kowa ke tsoro ita ce mafi wuyar ɗauka ta wannan hanya, wadda ba a ko ambatarta ita ce ke bakin ƙofa. Ƙasarmu kuma tana cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a sahun masu yawan ciwon hanta nau'in B, inda aƙalla mutum takwas cikin ɗari ke ɗauke da shi, galibinsu ba su ma sani ba. Ungozomar da ta karɓi haihuwa ɗari ta tsoma hannunta cikin jinin masu wannan ciwo sau da yawa, ko ta sani ko ba ta sani ba. Wani nazari da mujallar hukumar ta buga a 2017 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan lafiya a Afirka allura ko wani abu mai kaifi yana yi musu rauni cikin shekara guda. Wani kuma na 2018 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai aka yi wa rigakafin ciwon hanta cikakke.

Abin takaicin shi ne rigakafin nan akwai shi, ya kuma daɗe. Allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida, ta kare fiye da mutum casa'in cikin ɗari. Nijar ta sa shi cikin rigakafin jarirai a 2008, abin yabo ne. Amma a yi lissafi: duk wanda ke sanye da farar riga a asibitin ƙasa na Damagaram, da cibiyar kula da uwa da yaro, da gidajen likita na Mirriya da Gure da Dungas, an haife shi kafin 2008. Ba ko ɗaya cikinsu da ya samu wannan kariya a goye ta hanyar rigakafin gwamnati. Su ne ke ɗiga wa ƴaƴanmu, su ne ke yi wa jikokinmu allurar, su kuwa sai wanda ya sayi tasa da kuɗin aljihunsa, ko wanda wata ƙungiyar agaji ta tuna da shi. Faransa, wadda muka kwafo rabin dokokinmu daga wajenta har da waƙafi da aya, ta wajabta wannan rigakafi a kan ma'aikatan asibiti tun watan Janairu na 1991, shekarar da muke can muna Taron Ƙasa. A farashin da UNICEF ke sarowa, allura ɗaya ba ta kai jaka guda ba. Jaka uku ke nan a kan mutum ɗaya, sau ɗaya a rayuwarsa. Ko ɗan tireda na Kasuwar Dole ya san wannan ba tsada ba ce. Man da ake zuba wa ayarin motocin manya a rangadi ɗaya ya isa a yi wa ma'aikatan gunduma sukutum.

A shekara ta 2020, lokacin korona, an yi ta kiran mutanen nan sojojin sahun gaba. Kalmar ta yi daɗi a rediyo. To, mu Damagarawa mun san yadda ake fitar da soja. Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa a garin nan kafin rasuwarsa a 1884, bai kasance yana tura barde fagen fama da taguwa ɗaya ba. Akwai lifidi na doki da na mahayi, akwai sulke, akwai kwalkwali, domin sarki ya san barden da kibiya ta kayar asara ce ta masarauta. Lifidin ma'aikacin asibiti safar hannu ce, da takunkumi, da takalmin roba, da kwalin zuba allura, da ruwa da sabulu, da rigakafi. Wanda ya kira mutum soja ya hana shi waɗannan, kirari ya yi masa ya tura shi mahallaka.

Kada wani ya ce yaƙin ba ya zuwa. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, sanƙarau ya kama mutum 559 a jihar Damagaram, 18 suka rasu. A watan Yuli na 2023 mashaƙo ya ɓulla a Matamaye, ya bazu. A 2021 kwalara ce. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan marasa lafiya wani ne ya tare shi a ƙofa, ya duba maƙogwaronsa, ya share amansa, ya wanke shimfiɗarsa. A can Kano, wadda motocinmu ke zuwa su dawo a yini guda, likitoci biyu na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano sun rasu a watan Janairu na 2020 da zazzaɓin Lasa, bayan an yi wa wata mai ciki aiki ba a san tana ɗauke da cutar ba. Wannan asibiti ne babba, mai manyan malamai da kayan aiki. Ina ga ɗakin shan magani na ƙauye, inda ma'aikaci ɗaya ne likita, shi ne ungozoma, shi ne mai ba da magani, shi ne mai gadi?

Korona ta nuna mana wani abu kuma: idan ana so a ƙirga, ana iyawa. Saboda idon duniya yana kai, kowace ƙasa ta riƙa fitar da adadi, har a watan Yuli na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aikatan lafiya fiye da 10,000 sun kamu a ƙasashe 40 na Afirka. Cutar ba ta bar manya ba: ministan ƙwadago na lokacin, Mohamed Ben Omar, ɗan jihar nan, ita ta yi ajalinsa ranar 3 ga Mayu 2020, Allah ya jiƙansa. Da annoba ta lafa sai aka rufe littafin. Ita kuwa allura ba ta da lokaci, ba ta jiran damina ko hunturu, kullum tana nan cikin tire da leda da bola. Ina ƙalubalantar hukumar kiwon lafiya ta jiha ta fito ta gaya wa jama'a ma'aikata nawa allura ta soka a bara, nawa aka auna, nawa aka ba maganin kariya. In akwai adadin, shafin nan a buɗe yake.

Ba dokoki muka rasa ba, mu da muke da su kamar ƙasa. A 2009 Nijar ta amince da yarjejeniyoyi uku na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiya da kariyar ma'aikaci, masu lamba 155 da 161 da 187. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare ran ma'aikacinsa da lafiyarsa, ta kuma ce a kafa kwamitin tsaro da lafiya a wuraren aiki. Asusun CNSS yana nan don biyan jinya da diyyar wanda ya yi haɗari a bakin aiki, bisa sharaɗin a kai rahoto cikin awa 48. Sufeton ƙwadago yana da ikon shiga masana'antar ɗan kasuwa ya tambaye shi ina hular ƙarfen leburorinsa, ya ci shi tara. Daidai ne. Amma wa ke shiga asibitin gwamnati ya yi wa gwamnati irin wannan tambaya? Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

A nan ne kuma ramin yake. Cikakken ma'aikacin gwamnati dokar ƙwadago ba ta hau kansa ba, yana da tasa dokar daban, kuma ko ba komai yana da lamba, yana da fayil a Yamai, in ya faɗi akwai inda magadansa za su kai kuka. Amma a shiga kowane gidan likita a ƙirga waɗanda ke tsaye. Akwai ƴan kwantaragi, waɗanda ke shekara da shekaru suna jiran a ɗauke su. Akwai ƴan sa-kai, yaran da suka gama makarantar koyon aikin lafiya, ta gwamnati ko masu zaman kansu da suka cika gari, suna aiki kyauta don kada hannunsu ya mutu, da fatan wata rana a tuna da su. Akwai ɗalibai masu koyon aiki, waɗanda su ake miƙa wa sirinji saboda su ne ba su iya cewa a'a. Akwai masu shara da leburori da masu wanki, irin Innar da na fara da ita, waɗanda kwamitin gidan likita ke ba ɗan abin da ya samu daga kuɗin shiga. Gwargwadon ƙanƙantar matsayin mutum, gwargwadon kusancinsa da jini da ƙazanta, gwargwadon kuma nisansa da kowace takarda da za ta kare shi. Ɗan sa-kai da allura ta soka ba zai ma faɗa ba. Yana tsoron a ce ba shi da hankali, yana tsoron a auna shi a sami wani abu a sallame shi, shi da dama ba a ɗauke shi ba.

Na san abin da mai karatu ke faɗi a ransa, domin ni ma na faɗe shi. Zai ce: su waɗannan da ke yi mana tsawa, su bar mace tana naƙuda suna hira, su rubuto takardar magani mai tsawon zira'i, su ne yau za a ce mu tausaya wa? Ban zo wanke kowa ba. Akwai masu wulaƙanci, akwai masu karɓar na goro, masu binciken LASDEL a Yamai sun cika littattafai da wannan tun fiye da shekara ashirin. Akwai kuma ganganci na su kansu ma'aikatan. Wanda ya mayar wa allura murfinta da hannu biyu bayan an koya masa kada ya yi, wanda ya cusa kwali har ya tumbatsa alhali an ce a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu, wanda ya jefa allura tsirara cikin ledar da wata tsohuwa za ta ɗauka, duk sun yi laifi, na ƙarshen ma laifinsa ya fi, don ran wani ya sa a caca. Amma mai jin haushin ma'aikacin asibiti ya tsaya ya yi tunani da kansa. Hannun da ba safa da ya taɓa jinin wani, shi ne zai taɓa matarka. Ungozomar da ke tsoron jinin mai haihuwa saboda ta san ba abin da ke tsakaninta da shi, ita ce za ta tsaya daga nesa tana ba da umarni da baki. Wani ɓangare na abin da muke kira rashin tausayi tsoro ne da gajiya. A 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labarin cewa a sashen yara na asibitin Magarya, a tsakiyar damina, kimanin yara goma ke rasuwa kowace rana, ɗaruruwa suna kwance. Wanda ya kwana yana neman jijiya a hannun yara masu tamowa, ɗaya bayan ɗaya har asuba, hannunsa zai yi rawa, kuma a irin wannan sa'a allura ke kuskurewa.

Za a ce ba kuɗi. Wannan waƙa mun san ta tun zamanin karyewar darajar sefa a 1994 da bashin albashi na watanni. Amma a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ba kiwon lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, mu kuwa gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, alkawarin yana nan inda aka bar shi. A 2006 aka ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, talaka ya yi murna, ya kuma cancanci ya yi. Sai dai baitulmali ya riƙa jinkirta biyan gidajen likita kuɗin da suka kashe, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe. Abin da aka fara yankewa shi ne abin da mara lafiya ba ya gani: safar hannu, ruwan jabel, kwalin allura, gyaran murhun ƙona shara. Shi ya sa har safar da ungozoma za ta sa ake rubuta wa mijin mai haihuwa ya sayo. In ya sayo guda biyu, da biyun za a yi aikin, ko da ɗaya ta yage. A 2024 an sake rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati. Madalla. Amma duk sassaucin da aka yi wa mara lafiya ba a cike giɓinsa daga baitulmali a kan lokaci ba, daga fatar ma'aikaci ake yankarsa.

Ga kuma namu na gida. Damagaram da ƙishirwa tsofaffin abokai ne, daga Gogo da Machaya zuwa Arunguza zuwa Ganaram ana ta haƙa, famfo yana ta shaƙar iska. Matakin farko ga wanda allura ta soka shi ne ya wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, kada ya matse, kada ya tsotsa. Da wane ruwan? Tun 2011 ake tace gangar mai har 20,000 a rana a matatar SORAZ, nan arewa da gari, amma ungozoma ta yi ɗinki da fitilar salula a baki ba labari ba ne a wajen duk wanda ya taɓa kwana a gidan likitan karkara. Maganin da ke hana kamuwa da sida bayan tsautsayi ana son a fara shi cikin awoyin farko, in an wuce awa 72 ya zama banza, a kuma sha shi kwana 28. Ma'aikacin da ke can cikin rairayin Tesker, allura ta soke shi daren Alhamis, ina zai samo shi kafin Lahadi in ba a ajiye shi a kabad ɗinsa ba?

Ƙungiyoyin ƙwadago ma ba zan ƙyale su ba. SUSAS da SYNPHAMED sun sha kiran yajin aiki a kan albashi da alawus da ɗaukar ma'aikata, kuma haƙƙinsu ne. Amma alawus ɗin haɗari da ake ta ja-in-ja a kansa, mene ne shi in ba kuɗin da ake ba mutum don ya yarda a bar shi cikin haɗarin ba? Ƴan jakunkunan da ake ƙara maka a wata ba za su saya maka sabuwar hanta ba. Ina son in ga ranar da rigakafin ciwon hanta da littafin rubuta haɗari za su zo a layin farko na takardar koke, a kuma sa masu shara da ƴan sa-kai ciki, ko da ba su biyan kuɗin ƙungiya.

Saura masu cewa ƙaddara ce. Ba mai musun ƙaddara a cikinmu. Amma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya bar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce in an yi sata ƙaddara ce ba, ban kuma taɓa ganin darektan da ya ƙi ɗaura wa ofishinsa ƙyaure ba. A kan dukiyarmu muna ɗaure raƙumi tamau, sai a kan ran ƙaramin ma'aikaci muke tuna tawakkali.

Abin da ake bukata bai kai a jira Yamai ba, balle a jira Turawan agaji. Gwamnan jiha da darektan kiwon lafiya suna iya cewa daga yau ba ɗalibin da zai taka ɗakin marasa lafiya, daga makarantar ENSP ta Damagaram ko daga masu zaman kansu, sai da katin rigakafinsa, a sa kuɗin cikin kuɗin makaranta in ta kama. Suna iya sa a auna duk wanda ke aiki a gidan likita, daga babban likita har mai gadi, a asirce, a yi wa wanda bai kamu ba rigakafi, wanda ya kamu a sa shi a hanyar magani ba tare da an taɓa aikinsa ba. Littafin rubuta haɗari kuwa littafi ne na ɗari biyar da biro, a ajiye a teburin majo, a rubuta rana da sa'a da yadda abin ya faru, ba don a hukunta kowa ba, don ranar da ciwo ya fito a sami shaidar da za a kai gaban CNSS ko gaban alƙali. Ku kuma alhazan kasuwa, da kuke kai buhunan shinkafa asibiti da azumi, Allah ya saka, amma ku tambayi majo ko masu sharar wurin suna da takalmin roba da safa mai kauri. Ma'aikatan bariki da ke zaune cikin kwamitocin gidajen likita na unguwanninsu, ku nemi a karanta muku nawa aka kashe wa kayan kariya cikin kuɗin shigar bara.

Innar nan tamu, bayan wata huɗu, mu muka haɗa kuɗi cikin dangi muka kai ta aka auna jininta. Ranar da za a karɓo sakamako ba ta yi barci ba, mu ma haka. Allah ya rufa asiri, ba a sami komai ba, muka saya mata rigakafin a kantin magani, allura uku, ninkin ba ninkin farashin da gwamnati za ta saro shi. Ta koma bakin aikinta. Da na tambaye ta ko an canza wani abu, sai ta ce yanzu takan riƙe ledar nesa da jikinta.